Yadda Muka Tayar Da Kangon Kakanmu A Gungu

Wata rana a ajin labarin ƙasa malaminmu ya tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa taka tsibiri da ƙafarsa. Aji ya yi tsit, domin a saninmu tsibiri sai a tsakiyar teku, irin su Zanzibar da muke gani a taswira. Ni kuwa na sunkuyar da kai na yi shiru, alhali a kan tsibiri na ƙare hutuna biyu ina kwaɓa ƙasa. Kunya ce ta hana ni ɗaga hannu, don ina tsoron a tambaye ni abin da ya kai ni can. Yanzu da aka ce kowa ya kawo abin da zai sa a mujallar makaranta, na ga ya kamata in biya bashin amsar nan, in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin yadda muka tayar da kangon kakanmu.

Mu mutanen Gummi ne, a yammacin Jihar Zamfara. Gulbin Zamfara ya bi ta gefen garinmu ya nufi ƙasar Kabi, kuma gonakin mutane da yawa suna ƙetarensa. A can ƙetare akwai wani tudu mai faɗi wanda gulbi ya bi ta gabansa, wata tsohuwar hanyar ruwa kuma ta zagaye shi ta baya. Da rani wannan hanya busasshiya ce, jaki ma yana wucewa da kaya. Amma da zarar ruwan Agusta ya sauka sai ta cika ta haɗe da gulbi, tudun ya zama ba shiga ba fita sai da jirgi, har sai an kusa girbin dawa. Tsofaffi suna kiran wurin Gungu. Da na tambayi malaminmu na Hausa, sai ya ce ai gungu shi ne tsibirin cikin kogi, shi ya sa ake ce wa mazauna tsibiran Kwara wajen Yawuri Gungawa, waɗanda ruwan madatsar Kainji ya tashi da yawa daga cikinsu a 1968.

A kan wannan tudu kakana ya gina gidansa, ɗaki uku da zaure da rumbu biyu. Ban san shi ba, ya rasu tun ba a haife ni ba. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka watse, kowa ya kama gabansa, gida ya zama kango fiye da shekara ashirin. Gidaje bakwai kaɗai suka rage a Gungu. Babana ya ci gaba da noman ɗan yankin da ke kusa da ruwa, amma a cikin gari yake kwana, kullum da safe ya shiga jirgin fito ya ƙetare, da yamma ya dawo. Sauran gonar kakan duk daji ya cinye ta.

To, abu biyu suka faru a daminar 2024 waɗanda suka juya mana rayuwa. Na farko shi ne ambaliyar watan Agusta. Ina gida hutun ƙarshen shekara. An yi ruwa mai yawa, gulbi ya cika ya batse, ya shigo unguwannin da ke kwari. Cikin dare Inna ta tashe mu, na sauko daga kan gado sai na ji ruwa a idon sawu. Muka kwashi abin da za mu iya, ni na goya ƙanwata, muka nufi tudu. Kafin gari ya waye ɗakunanmu biyu sun zube, buhun gero uku da muka bari sun jiƙe sun lalace. Ba mu kaɗai ba ne, dubban mutane suka rasa wurin kwana a ƙasar Gummi. Muka yi kwanaki a ajin wata makarantar firamare, daga baya gwaggona ta ba mu ɗaki ɗaya a gidanta.

Na biyu ya fi na farko ciwo. Ranar wata Asabar a watan Satumba, jirgin da ya ɗauko manoma za su gonakinsu ya kife a gulbi, mutane da yawa suka rasu. Na koma makaranta a lokacin, a rediyon wani ɗalibi na fara ji. Na yi yini guda ban iya cin abinci ba, sai da shugaban ɗakinmu ya raka ni wurin malamin gida ya ara mini waya. Da na ji muryar Baba sai ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa. Ashe zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ranar bai fita ba. Maƙwabtanmu biyu da ya saba shiga jirgi tare da su suna cikin waɗanda aka tsamo. Allah ya jiƙansu da rahama.

Da na dawo hutun Disamba, Baba ya tara mu bayan sallar isha'i ya ce ya yanke shawara. Ba zai sake gina ɗaki a kwarin da ruwa ya ci ba, ba kuma zai ci gaba da ƙetare gulbi sau biyu kowace rana da damina ba. Ya ce ya je ya duba, duk ambaliyar nan ruwa bai hau tudun kakanmu ba. Saboda haka za mu gyara kangon, mu sassabe gonar, shi da Inna su zauna can daga faɗuwar ruwa har girbi, ƙannena kuma su zauna wurin gwaggo saboda makaranta. Ya dube ni ya ce, "Kai ne babba. Wanga hutu ba na barci ba ne." Na ce, "To, Baba." Amma a zuciyata ban so ba ko kaɗan. Ina tunanin yadda zan gaya wa abokaina cewa mun bar gari mun koma daji.

Washegari da sassafe muka tafi, hazo ya rufe ko'ina, sanyi yana shiga har ƙashi. Da muka isa ban ga gida ba. Abin da na gani shi ne sarƙaƙiya da geza da gamba sun fi tsayin mutum, sai wata tsamiya babba a tsakiya. Baba ya sa adda ya buɗe hanya, muna biye da shi, sai ga bango. Zauren ya rushe gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya rufinsa ya rufta ciki, tumfafiya ta tsiro a tsakiyarsa. Ɗaya kuma gara ta gina suri a kusurwarsa. Na uku ne kaɗai ke tsaye da rufinsa, jemagu sun mai da shi nasu. Baba ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin nan bai ce kome ba. Can ya ce, "A nan anka haife ni." Daga nan ya tuɓe riga ya ɗauki gatari.

Kwana goma sha biyu muka yi muna sassabe, ni da Baba da wasu samari biyu 'yan Gungu. Ban taɓa sanin adda tana da nauyi ba sai a rana ta biyu, da tafin hannuna ya yi ƙuraje suka fashe. Inna ta shafa mini man kaɗe ta ɗaure da tsumma, da safe na koma. Ƙayar sarƙaƙiya ta yayyaga mini wandon makaranta. Samarin nan suna ta yi mini dariya, suna cewa hannun biro ya gamu da gamonsa. A rana ta biyar na ɗaga wani busasshen icce, sai na ji wani sauti kamar ana goga busassun ganye. Ɗaya daga cikin samarin ya fizge ni baya da ƙarfi har na faɗi. Ashe kububuwa ce ta naɗe a ƙarƙashi. Tun daga ranar Baba ya hana kowa ɗaga icce da hannu sai an fara juya shi da sanda, ni kuma ya ba ni tsohon takalminsa na roba.

A wurin sassaben nan ne na fara ganin amfanin abin da ake koya mana a aji. Niyyar Baba ita ce a sare kome, a tara, a cinna wuta, a tone kututture. Na tuna malaminmu na aikin gona ya ba mu labarin manoman ƙasar Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, waɗanda tun wajen 1983 suka fara abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon su tone kututturen sabara da kalgo, sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sare sauran. Saiwar tana da rai a ƙasa, saboda haka iccen yana tashi da sauri fiye da dashe. Ta haka suka mai da itatuwa a fili mai faɗin kadada wajen miliyan 5. Da na gaya wa Baba, sai ya yi dariya ya ce, "Yanzu ɗan boko ne zai koya mini noma?" Amma da ya yi tunani ya ce kakana ma ba ya taɓa gawo, domin gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, kuma dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi kyau. Muka daidaita. Muka bar gawo huɗu da ɗorawa biyu da kaɗanya ɗaya, muka kuma bar kututturen sabara da kalgo jefi-jefi. Gumbin da ke bakin ruwa ma ba mu taɓa shi ba, don shi ke riƙe gaɓa kada ruwa ya zaftare ta.

Da muka kai iyakar gona ta arewa, sai na ga fili mai laushi ya miƙe, na ce wa Baba mu ƙara kamar taku ashirin tunda ba kowa. Ya ce a'a, wannan burtali ne, ta nan Fulani ke bi da shanu zuwa mashaya tun zamanin kakansa. Ya kira mai garin Gungu da wani dattijon Bafulatani, suka taka iyakar tare, aka dasa aduruku a nuna ta. Baba ya ce mini, "Da yawan jinin da anka zubar a ƙasarmu, daga taku ashirin irin wanga ya faro." Ban ƙara magana ba.

Bayan sassabe sai gini. Baba ya ɗauko wani tsohon magini wanda ya ce yana yaro ya miƙa tubali lokacin da aka gina gidan nan. Ya zagaya bangon yana ƙwanƙwasa shi da sanda yana saurare. Ya ce ɗaki biyu za su tashi, na ukun da gara ta ci sai a rushe shi. Ya nuna mana inda za a haƙo jar ƙasa, can gefen tudu inda kakana ya haƙa tasa. Aikina shi ne kwaɓi. A zuba ƙasa, a zuba ruwa, a watsa ramno, wato yankakkiyar ciyawa, a shiga da ƙafa a yi ta tattakawa. Sai a rufe a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakawa. Daga nan a murza tubali da hannu, gindi mai faɗi kai tsini, a jera a rana. Na farkon da na yi duk suka tsattsage. Tsohon ya ɗauki ɗaya ya murƙushe shi a hannu ya ce, "Jikana, gaggawa ka sa a ciki maimakon ramno." Na sake sabon kwaɓi.

Abu ɗaya muka yi wanda kakana bai yi ba. Baba ya lura cewa a ambaliyar gari ta ƙasa bango ke fara jiƙewa, ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi. Saboda haka sabon ɗakin da zauren aka haƙa masu harsashi mai zurfi, aka jera dutse da birji har ya kai gwiwa kafin a ɗora tubali. Dutsen nan da jaki muka yi ta ɗauko shi. Kafin hutu ya ƙare bango ya kai kafaɗa, kuɗin Baba kuma ya ƙare. Ya riga ya sayar da kekensa da akuya biyu na Inna. Ba kuɗin kwano, ba na katako, ba na ƙusa.

Ana saura kwana uku in koma makaranta sai ga Baffana, ƙanin Baba, a kan sabon babur. Shi yana wajen Anka yana harkar zinariya. A watan nan ne gwamnatin tarayya ta ɗage hanin haƙar ma'adinai da ta sa a Zamfara tun 2019, saboda haka yana cike da murna. Ya zagaya ginin, ya zauna a gindin tsamiya, aka kawo masa fura. Ya ce wa Baba, "Yaya, wanga wahala ta mene ne? Ni zan saye kwano da siminti, a yi ginin zamani. Abin da nike so kaɗai, ka ba ni bayan gida in kafa injin niƙa dutse. Ga ruwa kusa na wanki, ga wuri ba idon jama'a." Ni da ke tsugune a gefe sai na ji kamar an yi mini albishir. Na riga na hango rufin kwano yana ƙyalli, na hango hoton da zan nuna wa abokaina. Ban san lokacin da na sa baki cikin maganar manya ba, na ce, "Baba, ai wannan taimakon Allah ne, a karɓa mana." Baba ya dube ni bai amsa ba.

Inna tana bayan zana tana tuƙa tuwo. Ita ba mai magana ba ce a gaban maza, ban taɓa jin ta katse zancen Baba ba. Sai muka ji ta ce, "Malam, in yi magana?" Baba ya ce ta yi. Ta fito da muciya a hannu, ta tsaya nesa kaɗan, ta ce, "In dutsen nan ya shigo wanga gida ta ƙofa, ni ta ƙofar zan fita da ɗiyana. Na ba shi ɗaya, ba ni ƙara ba shi wani." Ta juya ta koma. Baffa ya yi ƙoƙarin mai da abin wasa irin na ƙanin miji, amma ba wanda ya yi dariya. Baba ya ce masa, "Ka ji amsa. Na gode da niyyarka, Allah ya saka da alheri." Baffa ya tashi bai ƙarasa furarsa ba.

Da dare na kasa barci, ina jin haushi. Na fito na tarar da Inna zaune bakin murhu. Na ce, "Inna, wane ne ɗayan da kika ce?" Na san dai ina da wa da ya rasu ina jariri, amma an ce mini zazzaɓi ne, kuma Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, don ɗan fari ne. Ta daɗe tana tona toka da tsinke, sa'an nan ta ba ni labari.

Ta ce shekarar da aka haife ni ba a Gummi muke ba, muna wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum kusa da garin iyayenta. Zinariya ta yi tsada, kowa ya bar gona ya koma rami, Baba ma ya bi. Maza su haƙo dutse su kawo gida cikin buhu, mata su daka a turmi, wani kuma a kai injin da ake niƙa hatsi. Ƙura ta rufe tsakar gida, ta sauka a kan tabarma da ƙwarya da randa. Yayana yana shekara uku, a cikin ƙurar nan yake wasa, ya sa hannu a baki. Ta ce da hannunta ta daka dutsen, ni ina goye a bayanta. A farkon 2010 yara suka fara amai da suma da farfaɗiya, yau a binne na wannan gida, gobe na wancan. Aka ce iska ce, aka ce sanƙarau ne. Yayana ya yi kwana biyu yana fizge-fizge ya cika. Ta ce, "Kai ma ka fara, ka daina kama nono. Da likitocin nan ba su zo ba, da babu kai." Ta yi makonni da ni a Bukkuyum ana ba ni magani. Bayan an sallame mu Baba ya zubar da kayan haƙarsa, ya kwashe mu muka dawo Gummi, bai sake ambatar zinariya ba.

Da na koma makaranta na nemi malaminmu na kimiyya ya ƙara mini bayani. Ya ce dutsen zinariya na wannan yanki yana haɗe da dalma mai yawa, kuma gubar dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa, domin jikinsu ya fi saurin shanye ta, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta gano abin a watan Maris na 2010. Yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Yargalma da Tungar Guru, dubbai kuma suka sha magani. Ya ce magani ba ya amfani in yaro zai koma gidan da gubar take, saboda haka sai da aka bi gida gida aka kankare ƙasar sama, aka kai ta rami aka binne, aka zubo sabuwa mai tsabta. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka share ta. Na zauna ina tunani, ashe akwai sharar fili da ta fi tamu wuya. Mu ƙaya muka cire, ana ganinta da ido. Su kuwa abin da suka kwashe ba ya da launi ba ya da wari. Ga shi ni da bakina na roƙa a kawo shi tudun da muka share da hannunmu, inda ƙannena za su yi wasa.

Hutun Afrilu na 2025 ya zo bayan ƙaramar salla, zafi kamar wuta. Na tarar Baba ya kammala bango shi da tsohon magini. Da aka tone rufin da ya rufta, sai aka ga yawancin azarar kakana lafiya lau, gara ba ta taɓa ta ba. Tsohon ya ce ta giginya namiji ce, ita ce mai tauri. Abin da ya rage Baba ya saya da kuɗin albasar da ya noma a fadama. Mai gari ya kira gayya. Ranar mutum wajen ashirin suka zo, har da waɗanda suka ƙetaro daga gari. Aka jera azara, aka shimfiɗa zana, aka yi ta miƙa ƙasa sama a kwando. Mata suka dafa tuwon dawa da miyar kuka, gwaggona ta aiko da hoce cike da masaki. Wani ya kawo ganga yana kiɗa, samari suna gasa. Kafin la'asar ɗaki uku sun rufu. Zauren kuwa jinka aka yi masa da gambar da muka yanka a wurin sassabe.

Sai yaɓe da makuba. An jiƙa ɓawon ɗorawa a ruwa har ya yi ja, aka kwaɓa da ƙasa, aka shafe rufi da bango don kada ruwa ya shiga. Aka sa indararo biyu a kowane ɗaki. Tsohon ya ba ni kusurwar gabas ta ɗakin Inna ya ce in yi. Rana ta yi zafi, na gaji, ina so in je gulbi in yi wanka, sai na shafa sama-sama na sauko. Inna da matan Gungu suka yi daɓen ƙasa suna waƙa. Ran da aka gama, Baba ya kira liman aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Na lura Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana shafa bango da hannu.

A hutun Agusta na koma, wannan karon da jirgi. Baba ya kafa mini doka: kada in shiga jirgin da ya cika, ko da zan yini a bakin ruwa, kuma in sa rigar nan mai hana nutsewa in akwai. Na jira jirgi uku suka wuce kafin in shiga. Da muka zagayo sai na ga Gungu kamar ban taɓa ganinsa ba, ruwa ta ko'ina, dawa da gero sun yi kore shar, gawo huɗu tsaye ba ganye, gidanmu ja a tsakiya. Rassan sabarar da muka bari sun kai ƙirjina. Daren farko aka yi ruwa mai ƙarfi. Duk gidan ba inda ya ɗiga sai wuri ɗaya, kusurwar gabas ta ɗakin Inna, daidai kan buhun garinta. Ba wanda ya ce mini kome. Da safe Baba ya jingina tsani a bango, ya ajiye kwandon ƙasa a gindinsa, ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Na hau na gyara, wannan karon sau uku na shafa.

Ba zan ce zaman Gungu ba wuya ba. Sauro ya yi yawa, sai da gidan sauro ake barci. Babu asibiti, babu shago, in gishiri ya ƙare sai an jira mai zuwa gari. Da ƙanwata ta zo hutu ta yi zazzaɓi cikin dare, sai da muka jira gari ya waye kafin mai jirgi ya yarda ya ƙetare da ita, daren nan ba wanda ya runtsa. Allah ya ba ta lafiya. Akwai kuma fargabar halin da ƙasarmu ke ciki, ko da yake Baba yana cewa ruwan da ya kewaye mu ya fi katanga, tunda babur ba ya iyo. Amma da kaka rumbu biyu suka cika, abin da Baba ya ce bai gani ba tun yana saurayi. Daga cikin dawar nan aka sayar aka yi mini sayayyar komawa makaranta. Baffa bai sake zuwa ba. Da babbar salla dai ya aiko wa Inna da turmin atamfa, ta karɓa ta yi godiya, ta sa a akwati. Kullum Baba yana yi masa addu'a bayan salla, ni ma ina yi, domin yana da 'ya'ya ƙanana uku.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne, amma in mun zo makaranta sai mu ɓoye, kowa ya ce gidansu na bulo ne. Ni ma na yi haka. Ina roƙon waɗanda suka fito daga ƙauyukan da ake aikin zinariya, in kun koma hutu ku gaya wa iyaye kada a kawo dutse cikin gida, kada a daka shi a turmin abinci, wanda ya dawo daga rami ya yi wanka ya canja tufafi kafin ya ɗauki yaro. Iyayenmu kuma ina roƙonku ku riƙa gaya mana abin da ya faru a baya ko da yana da ciwo, domin da na san labarin yayana tun farko, da ban buɗe baki a gindin tsamiya ba. Ga malaminmu na labarin ƙasa kuwa, ga amsar tambayarka, Malam: na taɓa taka tsibiri, gidanmu ma a can yake, ginin ƙasa ne mai rufin azara. Duk wanda ya biyo ta Gummi da damina yana iya tambayar masu fito su kai shi Gungu, zai sha fura a zaurenmu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.